Na'ura Ta Kwafa, To Wa Ya Duba?

Duk lokacin da ƙwayar halitta ta ɗan Adam za ta rabu gida biyu, sai ta kwafi biliyoyin haruffan DNA ɗinta. Sinadarin da ke wannan kwafi yakan koma baya ya cire harafin da ya sa bisa kuskure, sannan wasu sinadarai su biyo sawu su sake dubawa. Ashe ko halitta ba ta yarda da kwafi ba tare da bita ba. Abin mamaki shi ne yadda masu ilmi ke miƙa wa kwamfuta bayanansu ta ɗauke su daga wannan rumbu zuwa wancan, bisa umarnin da ita da kanta ta tsara, su kuma naɗe hannu.

Illar irin wannan umarni ita ce kuskurensa ba ya ihu. Misali, rumbun Oracle yana ɗaukar gurbin rubutu da aka bari fayau tamkar bayanin da babu shi, alhali PostgreSQL ya bambanta su. Umarnin da bai lura da wannan ba zai yi aikinsa lami lafiya, amma amsarsa ta sauya.

Masana ƙwayoyin gado sun ɗanɗana irin wannan. Manhajar Excel takan ga sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ko MARCH1, sai ta mai da shi kwanan wata. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya sun duba maƙalu 3,597, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da wannan aibi. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1.

A Ingila abin ya shafi rayuka. A 2020 hukumar lafiya tana tattara sakamakon gwajin korona kai tsaye cikin tsohon tsarin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Abin da ya haura sai ya zube. Sakamako 15,841 na masu ɗauke da cutar bai shiga lissafi kan lokaci ba, aka makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

Wani zai ce ai mutum ya fi na'ura yawan kuskure. Haka ne, amma kuskuren mutum ɗai-ɗai ne, na na'ura kuwa iri ɗaya ne sau dubu.

Saboda haka wajibi ne duk sashen da zai sauya rumbu ya ƙidaya bayanansa kafin ƙaura da bayanta, ya tsamo wasu ya gwada su da na asali, kada kuma ya goge tsohon rumbu da gaggawa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.