DUTSEN AGADAS DA NA ZAGAMI: ME MASANA KE NEMA A CIKINSU?

A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. An tsinci dutsen ne a Jihar Agadas ta ƙasar Nijar cikin Nuwamban 2023, masana kuwa sun tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Gwamnatin Nijar ta ba da umarnin a binciki yadda aka yi ya bar ƙasar. Ya kamata 'yan Arewa da 'yan Nijar mazauna Agege da Idi-Araba su lura, domin ba wannan ne karo na farko ba.

Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami cikin Lardin Katsina. Daga baya aka gano iskar da ta maƙale a cikinsa iri ɗaya ce da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a Mars a 1976. Yau gutsattsarinsa sun watsu a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje.

To, me ya kawo wannan rububi? Tambayar asalin rai ce. Burbushin halittu mafi daɗewa a duniyar nan ya kai shekara biliyan 3.5, kuma masana suna so su san daga ina kayan ginin jikin mai rai suka fito. A 1969 wani dutse ya faɗo a Murchison ta Ostireliya, aka sami irin waɗannan sinadarai a cikinsa. Dutsen Zagami ba ya ɗauke da alamar rai, amma ya nuna cewa dutse yana iya tasowa daga wata duniya ya sauka a wata.

Har ila yau, an tabbatar a dā akwai ruwa a Mars. A watan Satumban 2025 hukumar NASA ta ce motarta Perseverance, wadda ta sauka a busasshen tafki a 2021, ta ga wasu tabo a jikin dutse waɗanda mai yiwuwa ƙananan halittu ne suka bar su, ko da yake ba a tabbatar ba.

Binciken yadda Allah Ya tsara halittarSa aiki ne da ɗaliban jami'o'in Zariya da Kano za su iya, in har duwatsun sun tsaya a gida. Saboda haka duk mai zuwa ganin gida da Salla ya gaya wa manoma da makiyaya: baƙin dutse mai nauyi da aka ga ya faɗo daga sama, a sanar da hukuma kafin dillali ya iso. Rashin sani ya fi dare duhu.