SHARHINMU: Khalkhali da Amanar Kujerar Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk mai kiran a tsayar da Shari'ar Allah a bayan ƙasa, wajibi ne ya san tarihin waɗanda aka taɓa damƙa wa takobin Shari'a a wannan zamani, ya ga yadda suka riƙe shi. Daga cikinsu akwai Shaikh Sadiƙ Khalkhali, malamin Shi'a na ƙasar Iran, wanda sunansa ya zama makami a hannun maƙiya Musulunci har gobe.

An haife shi a 1926 a garin Giwi, kusa da Khalkhal a arewa maso yammacin Iran. Ya yi karatu a birnin Ƙum, ya zama almajirin Ayatullahi Khumaini, kuma ya sha kamu da kora zuwa garuruwa masu nisa a hannun gwamnatin Shah Muhammad Rida Pahlawi. Ba mu musun cewa mulkin Shah mulkin zalunci ne. 'Yan sandan cikinsa, wato SAVAK, sun azabtar da malamai da ɗalibai azabar da harshe ke nauyin faɗa. Saboda haka da mulkin ya rushe a watan Fabrairun 1979, jama'a na da haƙƙin ganin an gurfanar da azzalumai. Khumaini ya naɗa Khalkhali alƙalin Shari'a na kotunan juyin juya hali.

Kwana huɗu kacal da faɗuwar gwamnati, ranar 15 ga Fabrairu, aka harbe janar-janar huɗu a kan rufin makarantar Refah da ke Tehran, cikinsu har da Nasiri, tsohon shugaban SAVAK. Ranar 7 ga Afrilu aka kashe Amir Abbas Huwaida, wanda ya riƙe firayim minista daga 1965 zuwa 1977. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara, kuma galibin shari'o'in a ɓoye aka yi su, wasu ma ba su wuce 'yan mintoci ba. Firayim ministan riƙon ƙwarya, Mahdi Bazargan, mutum mai addini wanda shi ma ya ɗanɗana kurkukun Shah, ya fito fili ya yi tir da wannan hanya. An dakatar da kotunan na 'yan makonni a watan Maris, sannan aka ci gaba.

Tuhumar da aka fi jingina wa mutane ita ce ɓarna a bayan ƙasa da yaƙi da Allah da Manzonsa, wadda aka ɗauko daga aya ta 33 a Suratul Ma'ida. To amma ayar da ke biye da ita ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu, kuma a wannan sura ɗin dai, aya ta 8, Allah Maɗaukaki Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Malaman fiƙihu sun yi bayani filla-filla a kan wane ne muharibi, da yadda ake tabbatar da laifin, da siffofin shaidu. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai ƙara. Ana tunkuɗe haddi idan an sami shubuha. Alƙali ba ya hukunci yana cikin fushi. Ina aka ga alamar waɗannan a kotun da ke yanke ran mutum kafin shayi ya huce?

A watan Agustan 1979 aka tura shi yankin Kurdawa, inda akasarin jama'ar Ahlus Sunna ne. Ya bi garuruwan Paweh da Sanandaj da Saƙƙez yana zartar da kisa. A filin jirgin saman Sanandaj aka harbe mutum 11 a jere, wani mai ɗaukar hoto, Jahangir Razmi, ya ɗauki abin. Hoton ya zaga duniya, ya ci kyautar Pulitzer a 1980 ba tare da sunan mai shi ba, sai a 2006 aka bayyana shi. Shekaru aru-aru malamai suna rubuta littattafai a kan adalcin Musulunci, ga hoto guda ya ba kafirai abin nunawa. An kuma sha ruwaito cewa idan aka ce masa mai yiwuwa akwai marar laifi cikin waɗanda ya kashe, sai ya amsa da cewa in haka ne ai mutumin ya tafi Aljanna. Wal'iyazu billahi! Aljanna ba ta hannun alƙali, abin da ke hannunsa shi ne jinin da za a tambaye shi a kansa, kuma jini ne farkon abin da za a yi hisabinsa tsakanin bayi ranar gobe ƙiyama.

A 1980 ya jagoranci rusa kabarin Rida Shah a garin Ray, kuma aka ɗora shi a kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi, inda aka kashe ɗaruruwan mutane cikin watanni. A watan Disambar shekarar ya sauka, bayan da ya kasa ba da bayanin kimanin dala miliyan 14 na tara da dukiyar da aka ƙwace. A lura da wannan da kyau: ba yawan rayukan ne ya tunɓuke shi ba, lissafin kuɗi ne. Ya kuma wakilci Ƙum a majalisar dokoki har 1992, lokacin da Majalisar Kare Tsarin Mulki ta hana shi sake tsayawa takara. Wanda bai ba kowa damar kare kai ba, shi ma aka rufe masa ƙofa. Ya koma koyarwa a Ƙum, ya rubuta tarihin rayuwarsa, inda ya nuna bai yi nadama ba. Ya rasu a watan Nuwambar 2003.

Wasu 'yan'uwa za su ce ai ɗan Shi'a ne, me za a jira daga gare shi? Saɓaninmu da Shi'a a aƙida sananne ne, ba mu ɓoye shi ba, amma wannan amsa ta mai neman hutu ce. Wasiƙar da su kansu suke jingina wa Sayyidina Aliyu (R.A.) zuwa ga gwamnansa Malikul Ashtar ta yi gargaɗi mai tsanani a kan zubar da jini ba bisa haƙƙi ba, ta kuma umarta a zaɓi alƙali mai tsayawa inda ya ga shubuha. Khalkhali ya saɓa wa littattafan mazhabarsa kafin ya saɓa wa namu. Kuma Hajjaju bin Yusuf, wanda ya kashe Sa'idu bin Jubair, ba ɗan Shi'a ba ne. Cutar ita ce mutum ya sakankance cewa tun da gaskiya tana ɓangarensa, to ba ya buƙatar shaida. Wannan cuta tana kama kowace ƙungiya, kuma ta fi saurin kama waɗanda aka daɗe ana zalunta.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Juyin Iran ya motsa zukatan ɗaliban jami'o'inmu a farkon shekarun 1980, sannan tun daga Zamfara a 1999 jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa aiki da Shari'a. Amma har yanzu muna jin an yi wa mutum ihun ɓarawo ko ihun ɓatanci a kasuwa, kafin a ankara taro ya gama da shi, babu alƙali, babu shaida, wasu kuma suna kabbara. Wannan ita ce kotun Khalkhali ba tare da rawani ba. Annabi (S.A.W.) ya shiga Makka da rinjaye, waɗanda suka azabtar da sahabbansa suna gabansa, ya yi wa jama'ar afuwa in ban da 'yan ƙalilan da aka ambata da suna, cikinsu ma wasu daga baya ya yafe musu.

Don haka muna kira ga malaman rassanmu da su sanya babin alƙalanci da shaida cikin karatun majalisu na wannan zango, daga Risala da Tuhfatul Hukkam, a haɗa da wasiƙar Sayyidina Umar (R.A.) zuwa ga Abu Musal Ash'ari da kuma Diya'ul Hukkam na Shaikh Abdullahi bin Fodiyo. 'Yan agaji kuma, duk inda suka ga taro ya kewaye wanda ake zargi, aikinsu shi ne su tsare ransa har ya isa hannun hukuma.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.