Bandejin da aka yi da itace ba ganyen bayan gida ba ne

Idan kana yawan zagaye a TikTok ko Facebook, ka san yadda kalmar "daga tsirrai aka yi shi" take sayar da kaya. Sabulu, man shafawa, maganin ƙiba, duk da ita ake tallata su. To yanzu maganar ta iso kan kayan rufe ciwo, kuma a nan ne nake so mu ɗan tsaya, domin wannan karon akwai gaskiya a ciki, sai dai ba irin wadda 'yan talla za su gaya maka ba ce.

Abin da ake magana a kai sunansa selulos. Zare ne siriri da ke cikin jikin kowane tsiro, shi ke ba kara da itace ƙarfi. Auduga kusan kashi 90 cikin ɗari selulos ce, ka ga ke nan bandejin da ake ɗaura maka a kemis ma daga tsiro ya fito. Ba sabon abu ba ne. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya yi wa sojoji abin rufe rauni daga ɓargon itace saboda ƙarancin auduga, ma'aikatan jinya mata suka ga yana tsotse jini sosai, daga nan aka samu audugar mata ta Kotex a 1920.

Matsalar tsohon bandeji kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa wankin ciwo ya san ta. Yana bushewa, ya manne, idan an zo cirewa sai ya taho da sabuwar fatar da ta fara tsirowa. Ihun da ake ji a ɗakin diresin ba ragwanta ba ce. A 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka bari da danshi ya fi saurin warkewa a kan wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ya ci karo da abin da aka tashe mu a kai, wato "bar shi ya sha iska".

Daga nan masana suka koma kan zaren nan suna canza masa hali. Akwai Aquacel, wanda idan ya sha ruwan ciwo sai ya zama kamar kamu mai kauri, ya riƙe danshi, a ɗaga shi ba tare da yage nama ba. Akwai Surgicel, da likitocin tiyata ke sawa don tsayar da jini, jiki kuma ya narkar da shi da kansa. A Finland kuma, kamfanin UPM, wanda aka fi sani da takarda da katako, ya fito da FibDex a 2019. An yi shi ne daga itacen dajinsu, ana sa shi a wurin da aka yanki fata don a dasa wa wanda ya ƙone, ya zauna har wurin ya warke sannan ya saki da kansa.

Ka tuna fashewar tankar mai a Majiya, Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, wadda ta kashe sama da mutum 150? Waɗanda suka tsira da ƙuna sun shiga makonni na wankin ciwo. Ga irin waɗannan, bandejin da ba sai an ɓamɓare shi kullum ba babban sauƙi ne. Sai dai kayan nan shigo da su ake yi, da dala, talaka kuwa ko kuɗin bandeji na gama-gari sai an yi karo-karo. Abin haushin shi ne muna da auduga a Funtuwa da Gusau, ga rama, ga tuƙar rake da ɓuntun shinkafa da ake ƙonawa, duk cike suke da selulos. Abin da ba mu da shi masana'antar da za ta tace ne.

Tacewar nan ita ce komai, kuma nan ne nake tsoron a yaudare ka. Kafin zaren tsiro ya cancanci taɓa buɗaɗɗen rauni, sai an wanke shi da sinadarai, an kashe duk ƙwayar cutar da ke jikinsa, an rufe shi a leda, an gwada shi a kan marasa lafiya. Ganyen da aka daka a turmi bai bi ko ɗaya daga cikin matakan nan ba, kuma ƙasar da ke jikinsa tana iya ɗauke da cutar sarƙe haƙora. Don haka idan gobe wani ya ɗora bidiyo yana cewa "ai Turawa ma sun dawo kan ganye", ka tambaye shi lambar rajistar NAFDAC.

Idan kuma ƙuna ta faru a gabanka, manta da makilin, ɗanyen ƙwai da baƙin mai. Ka sakar wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kamar minti 20, ka rufe da ƙyalle mai tsabta, ku wuce asibiti. Kar ka ɗora ɗanyar audugar kemis kai tsaye a kai, gashinta maƙalewa yake yi a cikin naman.