Wa Ke Kwance Linzamin 'Ya'yanmu?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, ku da kuke buɗe rumfa tun da sassafe a kasuwar Tarauni, kun fi kowa sanin yaron da muke nufi. Bara yana ɗauko muku kaya daga Hotoro, yana lissafin canji ba kuskure. Bana ga shi a bakin titin Gyadi-Gyadi, ido jajir, an aike shi da kuɗin ciniki ya komo hannu rabbana.

Mutane sukan ce rashin tarbiyya ne. To, ku ji abin da likitoci suka gano. A gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, akwai wani sashe wanda shi ne linzamin mutum. Shi ke auna riba da hasara, shi ke cewa "dakata tukuna". Ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Kodin da tiramol kuwa sukan sa ƙwaƙwalwa ta kwararo wani sinadarin jin daɗi, dofamin, fiye da yadda tuwo ko cinikin kirki ke kawowa. Yau da gobe ta saba, daɗin kome ya dushe sai na ƙwaya, linzamin nan kuma ya yi sako-sako. Watau yaron ya san gobe zai yi nadama sarai, amma sanin ba ya iya riƙe masa hannu. Shi ya sa duka da mari ba su warkar da shi.

A 2018, bayan BBC ta tona cinikin kodin, har ta nuno samarin Kano ɗaure da sarƙa, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Madalla. Amma binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya.

Wa ke cin ribar saurayin da ba ya iya cewa a'a? Ku duba wanda ke cika mota da samari ran taron siyasa, ya ba su ƙwaya da gora. Mai hankalinsa zai tambayi ina makaranta, ina aiki. Wannan kuwa sai ihu.

Saboda haka muna neman mahukunta su ƙara gadaje da likitoci a asibitin Dawanau, a kai yara can. Mu kuma a jam'iyyarmu, duk wanda ya zo taro da ƙwaya a aljihu don rabo, shugabannin mazaɓa su karɓe katinsa nan take, ko ɗan wane ne.