Hasken Ɗaukar Hoto A Cikin Gida

Idan kina sayar da atamfa ko turare, kina ɗaukar hotonsu a ɗaki, ki lura da haske tun kafin ki ce wayarki ce ba ta da kyau. Kwan fitila mai ruwan ɗorawa yakan sauya launin shuɗiyar shadda, mai saye ta karɓi kaya ta ce ba wannan ta gani ba. Ga ɓacin rai, ga zargin ha'inci.

Fitilar LED guda ɗaya mai caji ta ishe ki (kin dai san halin wutarmu). Ki duba kwalinta: 5500K na nufin farin haske irin na rana tsaka, CRI 90 zuwa sama kuma ita ke fito da launi yadda yake. Ki ajiye ta daga gefe, ki rataya farin ƙyalle marar kauri a gabanta don hasken ya yi laushi, amma kada ya taɓa ta. A ɗaya gefen ki jingina farin kwali ya dawo da hasken, sannan ki kashe sauran fitilun ɗakin.

Fitila mai zobe kuwa ta masu kwalliya ce. A kwalbar humra sai dai ta bar miki da'ira tana ƙyalli.