Tsoro Ne Ke Kada Mai Koyon Hawan Dutse

Akwai wani wasa da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, har aka shigar da shi wasannin Olamfik a birnin Tokyo cikin 2021, watau hawan dutse da hannu da ƙafa. Ba irin hawan Dala ake nufi ba, inda aka gina wa mutane matakala. Dutse ne tsaye kamar garu, mutum ya laluba 'yar tsaga ya kama, ya ɗaga jikinsa, igiya na ɗaure a ƙugunsa, ta zaga ta wani ƙarfe da aka kafa a sama, abokinsa kuwa yana ƙasa riƙe da ɗaya bakin.

Ranar farko mai koyo yakan fara da kuzari. Da ya kai kamar tsawon soro, ya waiga ƙasa, sai labari ya sha bamban. Tafin hannu ya jiƙe sharkaf, numfashi ya sarƙe, ƙafa ta kama rawa, har mahaya kan kwatanta ta da ƙafar tela bisa keken ɗinki. Wannan fa ba ragwanci ba ne. Cikin 1960 wasu masana biyu na Jami'ar Cornell ta Amurka, Eleanor Gibson da Richard Walk, suka ba da labarin yadda suka ɗora jarirai masu rarrafe kan gilashi mai kauri, wanda ake hango rami ƙarƙashinsa. Iyayensu mata na kira daga ƙetare, amma galibin jariran suka ƙi tsallakawa.

To, abin mamaki, duk abin da tsoro ya umarci mai koyo da shi, shi ne abin da zai kada shi. Tsoro ya ce ya rungumi dutse. Da ya manna ƙirji, nauyinsa ya bar kan ƙafafu, sai takalmi ya zame. Tsoro ya ce ya damƙe da iyakar ƙarfinsa. Kafin wani lokaci damtse ya sage, yatsu su buɗe da kansu. Gwani kuwa da ƙafa yake hawa, hannuwansa a miƙe, ba ya ɗora musu aikin da ba nasu ba.

Ita igiyar ba abar shakka ba ce. Tun 1953 kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da igiyar nailan mai riga a waje da zare a ciki, kuma ta yanzu tana miƙewa kaɗan ta shanye ƙarfin faɗuwa. Mai koyo ya ji wannan da kunnensa, amma jikinsa bai yarda ba tukuna. Saboda haka malamin kirki yakan sa shi ya saki dutse da gangan tun yana kusa da ƙasa, ya ji igiya ta tare shi, sau ɗaya, sau biyar. Wurin da ya fi wuya ma shi ne ƙololuwa, inda za a ce ya saki hannu biyu, ya jingina da iska, ya bar ransa a hannun wanda ke ƙasa. Nan ƙarti kan daskare, yara su sauko suna dariya.

Su kansu gwanaye ba su rabu da tsoro ba. Alex Honnold, mutumin Amurka da ya hau dutsen El Capitan mai tsawon kusan ƙafa 3,000 ba igiya ran 3 ga Yuni 2017, cikin awa huɗu ba 'yan mintoci, ya daɗe yana bin hanyar nan da igiya, yana haddace kowace tsaga. Duk da haka, da ya tasam ma dutsen cikin Nuwamba 2016, bai yi nisa ba ya ji zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya hakura ya sauko, ya koma kan igiyarsa har watanni.