A Ɗaure Mana Su Dami Guda

Akwai wata wahala da masu amfani da intanet a ƙasar nan suka saba da ita har sun daina kallonta a matsayin wahala. Mutum zai shiga shafin wata ma'aikata ko makaranta, ya tarar an jera masa takardu arba'in da yake bukata, kowace da nata maɓallin. Sai ya latsa ta farko, ya jira ta sauka, ya koma baya, ya latsa ta biyu. Kafin ya kai ta goma sha biyar sabis ya ɗauke, ko cajin waya ya ƙare, ko ya rikice ya kasa bambance wadda ya sauke da wadda ta rage. A haka ɗalibanmu ke kwasar darussan zango guda, a haka 'yan jarida ke bin takardun kasafin kuɗi, a haka kuma mai son tafsirin azumi ke tsintar karatun kwana talatin ɗaya bayan ɗaya. Alhali maganin abin ya girmi yawancin ɗaliban nan, kuma bai wuce aikin yini guda ba ga wanda ya san hannunsa.

Tushen matsalar yana cikin ƙa'idar da wayarka ke magana da ita da kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda masana ke kira uwar garke. Ƙa'idar, mai suna HTTP, Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a cibiyar binciken CERN tsakanin 1989 da 1991, kuma an gina ta ne a kan roƙo ɗaya, amsa ɗaya. Ka nemi abu guda, a miƙo maka abu guda. Wasu masu gina shafuka sukan yi dabarar sa burauza ta aika roƙo arba'in a jere ba tare da ka sani ba, amma burauza irin su Chrome kan tsaya su tambaye ka ko ka yarda shafin ya sauke maka fayiloli da yawa, domin ta irin wannan hanya ce miyagun shafuka ke cusa wa jama'a shara. Tun da ƙofar abu ɗaya kawai take bari ya wuce, sai a mai da arba'in ɗin su zama ɗaya. Manomi ba ya kai dawa gida zangarniya-zangarniya. Ɗaure ta yake yi dami.

Igiyar ɗaurin ita ce tsarin ZIP, wanda wani Ba'amurke mai suna Phil Katz ya fito da shi a 1989, ya kuma bayyana ƙa'idojinsa a fili don kowa ya yi amfani da su. Katz ya rasu a 2000 yana da shekara 37, amma aikinsa yana cikin aljihun kusan kowa: takardar Word da ka rubuta jiya da manhajar Android da ka ɗora a waya, duk ƙunshin ZIP ne aka sauya wa suna. Kwamfuta mai Windows tana buɗe shi da kanta tun zamanin XP, iPhone ma ta iya tun 2019. Uzurin cewa mutanenmu ba za su iya kwance ƙunshin ba ya daɗe da faɗuwa.

Yadda abin ke gudana ba shi da wuyar fahimta. Mai ziyara zai sa alama a gaban fayilolin da yake so, ya latsa maɓalli ɗaya. Wayarsa ta aika jerin abin da ya zaɓa. A can uwar garke akwai ɗan gajeren rubutun umarni da ke jira. Shi zai karɓi jerin, ya ɗauko fayilolin daga ma'ajiya, ya ɗaure su, ya liƙa wa ƙunshin bayanin da ke gaya wa burauza cewa wannan na ajiyewa ne, ya kuma raɗa masa suna. Harsunan da aka fi gina shafuka da su, irin su PHP da Python, sun zo da kayan wannan aiki a cikinsu, ba a biyan ko kwabo. Abin da Google Drive ke yi ke nan idan ka zaɓi fayiloli da yawa ka ce a sauke.

Wani zai ce wannan ai batun jin daɗi ne kawai. Ni kuwa ina ganin ya fi haka nauyi, kuma hujjata ita ce zaɓen 2023. Hukumar zaɓe ta ƙasa tana da shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa. Ba rigimar jinkirin ɗora sakamakon shugaban ƙasa nake son tayarwa ba, an sha yin ta a kotu da wajen kotu. Lissafi nake so mu yi. An kaɗa ƙuri'a a rumfuna 176,606. Tsarin shafin shi ne ka zaɓi jiha, ka zaɓi ƙaramar hukuma, ka zaɓi mazaɓa, sannan ka buɗe takardar rumfa. A ce kowace takarda rabin minti kawai za ta ci maka, sabis bai taɓa yankewa ba, ba ka ci abinci ba, ba ka runtsa ba: za ka shafe kwana 61 kafin ka gama. Jihar Kano kaɗai, mai rumfuna 11,222, za ta ci kusan kwana huɗu. Doka kuwa kwana 21 ta ba mai ƙorafi ya shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako. Babbar jam'iyya za ta ɗauki masu rubuta manhaja su kwaso mata komai cikin dare ɗaya. Ɗan takarar majalisar jiha da ya sayar da gonarsa ya tsaya zaɓe, da ɗan jaridar da ke aiki da waya ɗaya, su ne za su zauna suna latsawa. Da za a ɗaure takardun mazaɓa-mazaɓa, ƙunshi 8,809 ne. Da za a ɗaure su ta ƙananan hukumomi, 774 ne kacal. Takardar da aka baje a fili amma ba mai iya tattara ta cikin lokacin da take da amfani, rabin bayyanawa aka yi mata.

Sai dai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rubutun umarnin da aka yi da gaggawa yana iya zama ƙofar ɓarawo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar mai ziyara ya aiko da sunan fayil da hanyarsa, rubutun kuma ya ɗauko duk abin da aka ambata masa. A tsarin kwamfuta, ɗigo biyu da karkatacciyar sanda na nufin a hau mataki ɗaya sama a jerin ma'ajiya. Mugu zai jera su sau uku ko huɗu, ya fice daga ɗakin da aka ware wa baƙi, ya isa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, rubutun kuma ya ɗaure masa shi cikin ladabi ya miƙa masa. Rigakafin shi ne kada a karɓi suna ko kaɗan. A ba kowane fayil lamba, mai ziyara ya aiko da lambobi, uwar garke ta duba nata kundin ta gano fayilolin. Sannan a binciki izini a kan kowane fayil daban, domin ɗalibin da ke da ikon sauke sakamakonsa bai kamata ya sauya lamba ɗaya ya samu na abokinsa ba. Tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka makarantar da ta yi sake a nan ba kunya kaɗai za ta sha ba.

Matsala ta biyu ta nauyi ce. PHP, yadda yake zuwa kafin a taɓa saitinsa, megabait 128 na ƙwaƙwalwa yake ba kowane rubutu, da daƙiƙa 30 na aiki. Wanda ya ce sai ya loda dukan fayiloli a ƙwaƙwalwa kafin ya ɗaure, rubutunsa zai yi kyau ranar gwaji da takardu uku, ya faɗi ranar da ɗalibai ɗari biyu suka shigo a daren jajibirin jarrabawa. Masana sun samo mafita: a riƙa ɗaurewa ana turawa a lokaci guda, gutsure-gutsure, ba tare da an tara komai ba. Tsarin ZIP ya ba da damar haka, domin jadawalin abin da ke ciki a ƙarshen ƙunshin ake rubuta shi.

A nan ne nake rabuwa da yawancin shawarwarin da matasanmu masu gina shafuka ke kwafowa daga waje. Ƙunshin da ake ɗaurewa ana turawa, galibi ba a san girmansa ba sai an gama. Burauza ba za ta nuna maka saura nawa ba, kuma idan sabis ya yanke ba za ta ci gaba daga inda ta tsaya ba, sai ta koma farko. Ga wanda ke zaune a Landan da intanet ɗin da ba ya ƙiftawa, wannan ƙaramin abu ne. Ga ɗalibar da ta sayi datar dare don rahusa, ta kai megabait 180 cikin 200 sannan layin ya tsinke, asarar kuɗi ce da ta barci. Kada mu manta a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi. Ita ƙa'idar HTTP ta tanadi hanyar da burauza za ta ce a ba ni daga wuri kaza zuwa ƙarshe, amma hakan yana tafiya daidai ne idan ƙunshin yana nan a ajiye, bai sauya ba tsakanin roƙon farko da na biyu.

Saboda haka abin da na fi gamsuwa da shi a yanayinmu shi ne wanda ya fi kama da tsohon yayi. Duk abin da ba ya canzawa, kamar darussan zangon da ya wuce, ko sakamakon mazaɓar da aka kammala, ko tafsirin bara, a ɗaure shi sau ɗaya a ajiye, kowa ya zo ya ɗauka. Abin da mai ziyara ya zaɓa da kansa kuwa, a ɗaure shi a ajiye na wasu sa'o'i, a ba shi mahaɗi, sannan wani rubutun ya riƙa bi yana share tsofaffin kafin su cika ma'ajiya. A rubuta girman kowane ƙunshi kusa da maɓallinsa, mutum ya auna datarsa kafin ya latsa. Idan ya yi girma, a raba shi gida uku ko huɗu. Kada kuma a cire maɓallan ɗai-ɗai, domin mai neman takarda guda bai kamata a ɗora masa dami ba. Hotuna da sauti da yawancin takardun PDF an riga an matse su tun asali. Sake matse su wahalar da uwar garke ne a banza, a ɗaure su kawai yadda suke.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Lokacin da aka ƙirƙiri ZIP, sunayen fayiloli da tsohon jadawalin haruffa na kamfanin IBM ake rubuta su, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, balle ƴ ta 'yan uwanmu na Nijar. Sai a 2006 aka ƙara wa tsarin wata alama da ke nuna cewa an rubuta sunan da UTF-8, jadawalin da ya ɗauki haruffan duniya. Idan rubutun umarni bai ɗaga wannan alama ba, ko manhajar da ke kwance ƙunshin ta tsufa, sunayen za su fito a dagule, wani lokaci har fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Daga nan sai a ɗora wa ƙugiyar laifi, a umarci ma'aikata su daina sa ta a suna, ƙasa ta koma kasa.

Shugabannin ma'aikatu da makarantu da ke ba da kwangilar gina shafi ba sai sun iya rubuta umarni ba kafin su nemi wannan. Layi biyu ne a takardar yarjejeniya: duk inda aka jera fayiloli fiye da biyar, a samar da hanyar sauke su a dunƙule, kuma saukewar ta iya ci gaba bayan yankewa. Ranar karɓar aiki kuma, kafin a sa hannu a biya, a ba wani ma'aikaci waya mai araha ya fita harabar ofis inda sabis ke rawa, ya kashe data a tsakiyar saukewa ya sake kunnawa, a ga abin da zai faru. Cikin fayilolin gwajin a sa guda mai suna “Ƙa'idojin Ɗaukar Ɗalibai”.